Kawu da Birki Mai Rawa

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidan Kawu a Bukan Sidi, kuma ban taɓa ganin zaman makokin da motoci suka fi tabarmi yawa ba sai wannan. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi bayan azahar ana yayyafi. Kafin maza su dawo daga maƙabarta layin ya cushe tun daga bakin titi har ƙofar masallaci, 'yan acaba suna ta mita don ba hanyar wucewa. Yawancin motocin tsofaffi ne, irin waɗanda aka shigo da su ta Kwatano shekarun baya, fentinsu ya koɗe amma suna tafiya.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne dariya. Mutum zai tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna, matar Kawu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce yaya haƙuri, sai ka ga bakinsa yana motsi, can sai labari ya fito. Wani ma'aikaci ya ce a layin shan mai Kawu ya kama shi. Wani fasto ya ce shi ranar Lahadi ya fito daga coci ya tarar da ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa. Wata mai sayar da doya ta shigo har ciki ta zauna kusa da mahaifiyata, ta ce:

"Ni a gaban kasuwa ne Baba ya tare ni. Na ce Baba, wetin? Ya ce madam, ni ne na ɓata motan ki, ni ne zan gyara. Na ce mota na lafiya lau yake. Ya ce ba lafiya ba, buɗe bonet."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, kukan ya zo mata. Mutum ɗaya ne bai ba da labari ba, wani dattijo a keken guragu, aminin Kawu. Jikokinsa sukan kawo shi da safe su ajiye shi a inuwar zaure, su dawo da yamma su ɗauke shi.

Duk wanda ya gama labarinsa, amsa ɗaya Inna take ba shi. Takan ce ai ya gama, da bakinsa ya ce mata ya gama, ba sauran mota ko ɗaya. Liman ma a addu'ar uku abin da ya faɗa ke nan, ya ce ga bawan Allah da ya ga kuskurensa ya bi shi gida-gida ya gyara kafin ya tafi. Jama'a suka ce amin.

Ni kuwa na kasa zama. In ɗauko ruwa, in mayar da kwano, in share inda aka riga aka share, har mahaifiyata ta ce in nemi wuri in zauna ina sa ta jiri. Ba ta san abin da ke cina ba. Akwai sauran mota ɗaya. Motata ce ta farko, mai koren fenti da muke ce wa 'yar koriya, kuma ni na yi wa Kawu ƙarya a kanta. Tana can tana ɗaukar mutane da irin birkin da ya yi shekara bakwai yana cewa zai kashe wani, ga damina ta kankama.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Makanike ne tun kafin a haife ni, garejinsa yana ƙarƙashin wani mangwaro a hanyar Makurɗi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Ba ya zama. A tsaye yake shan koko, a tsaye yake cin tuwo in Inna ba ta gani, ko a ɗaurin aure a bayan taro za ka same shi yana duba tayar motar wani. Fuskar mutum kuwa ba ya riƙewa sam. Sau biyu yana tambayar maigidana daga ina yake, alhali shi ya ba shi aurena. Amma ka kawo masa mota sau ɗaya, bayan shekara goma zai gaya maka wane noti ne ya ba shi wahala. In ka ji ya ce malamar asibiti tana tari, ba matar yake nufi ba, motarta ce.

Shi ya koya min tuƙi, a lokacin da mace a kan sitiyari abin kallo ce a garin Lafiya. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba. Ya ce mata ita ma in tana so ta sa takalmi ta zo. A tsohuwar akori-kurarsa muka yi, kuma birki ya fi ɓata lokaci a kai. Irin na tsofaffin direbobi ya koya min: ka taka, ka saki, ka taka, ka saki, kamar mai ɗinki a keken ƙafa, don kada taya ta kafe mota ta ja ka. In na manta na danne gaba ɗaya sai ya cire hularsa ya buga min a gwiwa. Na sha hular nan ba kaɗan ba.

Shekarar da aka ba mu jiha, Lafiya ta cika. Ma'aikata suka dawo daga Jos, ni ma aka mayar da ni sakatariya, kowa kuma yana son a gan shi da mota. Bayan shekara biyu na sayi 'yar koriyata, na yi ta zagaya dangi da ita ko ba ni da abin faɗa musu. Ruwan farko da aka yi, ina kusa da shataletale wani ɗan acaba ya yanko min gaba. Na manta da duk karatun Kawu na danne birki. Sai na ji abin yana rawa a ƙarƙashin ƙafata, yana gurnani, yana turo ƙafar sama. Na ce shi ke nan birki ya tsinke, na ɗaga ƙafa. Saura ƙiris in tafi da yaron mutane. Daga nan gareji na wuce.

Kawu ya shiga motar ya gwada, ya ji rawar. Ya buɗe bonet ya samu wani akwatin ƙarfe da fayif-fayif suka shiga suka fita, ga wayoyi. Ya ce wannan kayan Turawa ne, don ƙanƙara suka yi shi, mu kuwa ina muka ga ƙanƙara a Lafiya. Ya kwance akwatin, ya haɗa fayif ɗin kai tsaye, abin da makanikai suke cewa darek. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa a dashbod mai haruffa uku, ABS, direbobi suna ce mata ebiyes. Da ya cire akwatin sai ta ƙi mutuwa, don haka ya zare ƙwanta ma. Ya wurga akwatin bayan gareji, ya ce in je in gwada. Birki ya kama cak, ba rawa ba gurnani. Har goro na saya masa.

Ba shi kaɗai yake wannan aiki ba, kusan duk makanikan gari suna yi. Amma ni ce 'yar tallarsa. Duk wanda ya ce min birkinsa yana rawa a ofis, sai in ce kai wa Kawuna, kafin ka sha lemo ya gama. Akawu ya kai, darakta ya kai, matar darakta ta kai. Direbobin tasha suka ji labari suka biyo. Bayan gareji ya zama tsibin akwatuna, kaji suna kwana a kai. Ni kuma bayan shekara uku na sayar da koriyar ta hannun dillali na canza wata.

Amininsa, wannan dattijon na keken guragu, a lokacin yana da ƙafafunsa. Mutumin Eggon ne, dattijon coci, tare suka yi aikin titi suna samari. Yana jan wagon tsakanin Lafiya da Akwanga, shi ma Kawu ya mayar masa da birki darek. Wata rana ana ruwa ya sha kwana a wani gangare ya tarar tirela ta lalace a kan hanya. Akwai wurin wucewa ta hagu, ba mota mai zuwa. Ya taka birki, ya juya. Motar ta tafi ɗoɗar ta shige ƙarƙashin tirelar. Wata mata da ke gaba ta rasu nan take, shi kuma bayansa ya karye.

Ina tsaye a asibiti lokacin da ya farfaɗo ya ga Kawu. Ya ce:

"Aboki, na juya sitiyari har ƙarshe. Har ƙarshe fa. Mota bai ji ba."

Kawu ya bi janwen da zai jawo motar ya je wurin da kansa. Ya tarar tayoyin gaba sun juya hagu har iyakarsu, amma sawun da suka bari a lakar gefen titi bai karkace ko kaɗan ba. Ya dawo gari. Ya je bayan gareji ya ɗauko akwati ɗaya, ya kai gida, ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan farantin baƙin Inna. Rigimar farantin nan ta kai wata guda. Ya nemo wani tsohon rewaya, mai gyaran wutar mota, da ya taɓa aiki a Kaduna, suka ɗaga wata mota da ba a taɓa ba a kan jak, suna juya taya da hannu suna kallon mita. Sati uku bai karɓi aikin kowa ba.

Ranar da ya gane, ni ya fara kira, wataƙila don ni na fara kawo masa matsalar. Ya kwantar da ni a kan kwali a ƙarƙashin mota, da kayan ofis ɗina, ya nuna min. A bayan kowace taya akwai zobe mai haƙora da yake juyawa tare da ita. Kusa da zoben akwai sensa, tana jin haƙoran suna wucewa, tana kai rahoto ga wata 'yar ƙwaƙwalwa. In ka danne birki da ƙarfi a kan santsi, tayar da take shirin kafewa haƙoranta za su daina wucewa. Nan take ƙwaƙwalwar za ta sa akwatin ya sassauta man birkin wannan tayar, ta ɗan juya, ya sake matse ta, ya sake sassautawa, sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Wannan matsewa da sakewa ita ce rawar da ƙafa take ji. Wato abin da ya koya min da hula, shi akwatin yake yi, sai dai ya fi kowace ƙafa sauri, kuma yana lura da kowace taya daban, abin da ba direban da zai iya. Amfanin kuwa shi ne tayar da ke juyawa ita ce take jin sitiyari. Wadda ta kafe santsi kawai take yi, ba ruwanta da hagu ko dama.

Na ce na gane, don in tashi daga kan kwalin. Ya san ban gane ba. Ranar Asabar bayan an yi ruwa ya aro motoci biyu iri ɗaya, ɗaya da akwatinta, ɗaya wadda ya cire wa, ya kai ni filin wata firamare. Ya ajiye jarka a tsakiya, ya ce in taho da gudu, in na zo daidai wani tsinken kara da ya kafa in danne birki in kauce wa jarkar. Ya shiga ya zauna a gefena. Na taho, na danne, rawar ta fara, ƙafata ta so ɗagawa da kanta.

"Kar ki ɗaga. Danne. Juya."

Motar ta zagaye jarkar ta tsaya. Muka koma ɗayar. Na taho, na danne, na juya daidai yadda na yi ɗazu. Jarkar ta tashi sama ta fashe, motar ta ci gaba da tafiya da mu a karkace har bakin aji. Kawu ya fita ya zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya ɗora hannuwansa a ka. Ranar na fara ganinsa a zaune ba sallah yake ba, ba a cikin mota ba, kuma na ji tsoro.

Ya je ya gaya wa amininsa komai. Mutumin kirki ne, ya ce masa ya bar zancen, shi ma yana gudu, ga lodi, wa ya sani ko da akwatin ma hakan za ta faru, kuma ai shi ya ce a cire. Kawu ya ce kai ka ce, amma ni na riƙe sifana. Iyakar maganar da suka yi a kai ke nan. Duk Lahadi da yamma yakan je ya yi masa aski ya yanke masa farce, suna musu a kan ƙwallo.

Daga nan farautar ta fara. Bai rubuta komai ba, duk motocin suna kansa. Yawancin akwatunan bayan gareji ruwa ya cinye su, sai ya riƙa sayo na Beljiyam, tsofaffin da ake shigowa da su daga waje, har ya sayar da akori-kurarsa ya koma hawa acaba da jakar kayan aiki a cinya. Ya bar wa babban ɗansa gareji. Ba ya karɓar ko sisi, ba ya kuma karɓar a'a. Direbobin tasha suka yi ta ja da shi, suka ce a hanyar ƙauye mai tsakuwa da yashi motar da ke da akwati takan ƙara tafiya kafin ta tsaya. Bai musa ba, ya ce gaskiya ne, wani lokaci hakan take. Ya ce shi ba tsayawa da wuri yake kawo musu ba, kaucewa yake kawo musu, su zaɓa tsakanin su tsaya a jikin abu da su wuce ta gefensa. Kuma ya koya wa duk wanda ya gyara wa mota yadda zai gane: in ka murɗa makulli, fitilar ebiyes ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. In ba ta kama ba sam, wani ya taɓa.

Mutane sun so shi, amma in faɗi gaskiya ya gajiyar da mu. Ba biki, ba suna, ba zaman lafiya a gida. Ana tsakiyar hira mota za ta wuce, sai ya miƙe ya bi ta da ƙafa yana ɗaga hannu. Yara a unguwa suka fara ce masa Baba Buɗe-Bonet. Rigimarmu ta zo ne ranar da aka leƙo ofis aka ce min wani tsoho yana ƙarƙashin motar darakta. Masu gadi sun riƙe jakarsa, ana shirin kiran 'yan sanda. Na fito na ba da haƙuri gaban kowa, na ja shi gefe na ce Kawu ka zubar min da mutunci. Ya dube ni ya ce ke kika turo shi ai. Wata biyu ban je gidansa ba. Da na koma bai tayar da zancen ba, sai ya tambaye ni ina koriyar.

Tambayar da ta zame min jiki ke nan. Duk haɗuwa, kafin ya tambayi yara, sai ya ce ina koriyar. Dillalin da ya sayar ya bar gari, don haka ni kaɗai ce hanyarsa. Na san abin da dillalin ya faɗa min, cewa wani direba ne ya saya, yana jigilar mutane da doya a Arikya. Sai na yi ta ce masa zan bincika. A lokacin hawan jini ya kama shi. Ya taɓa faɗuwa a rana a bakin tasha, aka kawo shi gida a keke napep. Likita ya ce ya huta. Sauran motocin duk ya same su, wasu ya gyara, wasu ya tabbatar sun mutu. Mahaifiyata ta zo har gidana tana kuka, ta ce in na gaya masa ƙauye ne wallahi zai hau acaba ya tafi, kuma gawarsa za a dawo mana da ita.

Sai na je na same shi yana tsaye yana shan magani. Na ce Kawu na samu labarin koriyar, injinta ya buga, an yanka ta a Jos an sayar da kayanta. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce to, alhamdu lillahi. Inna ta ce ranar ya ci tuwo a zaune har ya nemi ƙari. Na gaya wa kaina don lafiyarsa na yi. Akwai wannan. Akwai kuma cewa na gaji da tambayar, don duk lokacin da ya yi ta sai in tuna ni na fara kai masa mota, ni na tura masa rabin sakatariya. Shekara biyu ya yi bayan nan bai sake ambatar koriyar ba.

Washegarin addu'ar bakwai na ce wa maigidana zan je Arikya. Ya tambaye ni wa muke da shi a can. Na gaya masa duka. Ya kai ni tasha, don hanyar ba ta motata ba ce da damina.

Ranar kasuwa ce. Ban sha wahalar nema ba. Tana tsaye a ƙarƙashin wata bishiya, an ɗaure murfin but da igiya saboda doya, mata huɗu a baya da yara a cinya, wasu biyu a gaba, ana jiran direba. Koren ya koma kalar miyar kuka, amma ga lotsewar da na yi mata a ƙofar gidanmu tana nan. Direban ya zo, magidanci ne mai fara'a. Na ce masa ni ce mai motar nan ta farko, na zo ne a kan birkinta. Ya cire hula ya sosa kai yana kallona.

"Ke ne madam ɗin? Baba ya ce za ki zo."

Na ce wane Baba.

Ya ce wani gajeren tsoho, da rani bara. A kan acaba ya zo, da jaka a cinya. Ya bi tasha-tasha yana tambayar koriyar mota mai lotsewa a baya har aka nuna masa. Wuni biyu ya yi yana aiki a ƙarƙashin wannan bishiyar, yana yi yana hutawa don numfashinsa ba ya kai wa. Ya ƙi karɓar komai sai ruwa. Na lissafa a raina. Wata biyar ke nan bayan na ce masa an yanka ta. Na tuna lokacin, Inna ta ce ya tafi duba wani abokinsa a Doma.

"Da zai tafi ya ce, akwai wani madam, ɗiya na ne. Ba yanzu ba, amma za ta zo. In ta zo ka ce mata an gyara, ta kwantar da hankali."

Na jingina da motar na yi kukan da ban yi ba kwana bakwai. Ya san ƙarya na yi masa tun ina tsaye a gabansa. Ya ci tuwonsa a zaune don in ji daɗi, ya jira ya ɗan samu ƙarfi, ya je ya yi aikin, ya dawo ya ci gaba da tambayata yara. Matan da ke cikin motar suna ta ce min sannu, ba su san me ya faru ba.

Da na share fuska na ce ya ba ni makulli. Ban san me ya sa ba, ina jin hannuna ne ya saba. Fasinjan gaba suka matsa, na zauna na murɗa. Fitilar mai ta kama, ta batir ta kama. Ta ebiyes ba ta kama ba. Na kashe na sake murɗawa. Na ɗago na dubi direban, shi kuma yana duban kasuwa.

"Madam, gaskiya ƙafa na bai saba ba. In ya fara rawan nan, fasinja suna kiran Yesu, suna salati, suna cewa mota ba birki. Wata biyu na yi haƙuri, na kai aka cire."

Na tambaye shi ina akwatin. Ya ce yana gida, matarsa tana tokare ƙofa da shi.

Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Na ce motar nan ba za ta ɗauki mutum ba yau, na yi shatarta zuwa Lafiya. Fasinja suka sauka suna zagina da yare uku, na nema musu wata motar. Aka sauke doya. Muka biya gidansa na ɗauko akwatin da hannuna, na rungume shi a cinya har gari, hadari yana binmu a baya, ina ce masa ya rage gudu a kowace kwana. Babban ɗan Kawu ya ga akwatin ya gane ɗaurin wayar ubansa, nan take ya ɗauko sifana. Washegari na sa direban ya gwada a jiƙaƙƙiyar ƙasa sau shida, ina gefensa, har ƙafarsa ta daina ɗagawa. Ya yi dariya ya ce yanzu kam ya gane. Na san irin wannan ganewar, ni ma na taɓa yin ta a kan kwali.

Na gaya wa Inna gaskiya. Ta ce ita dai ya ce mata ya gama, kuma nasa ya gama. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya jiƙan matar nan da ba mu ma san sunanta ba. Allah ya ba shi wurin zama mai sanyi, ya sa ya iya zama a cikinsa.

Na karɓi lambar direban. Duk ranar da aka yi ruwa ina kiransa in ce ya murɗa makulli ya gaya min abin da ya gani. Sau biyu ya ce ta kama ta mutu. Na uku ya ce yana cikin hayaniya zai kira ni. Jiya an wuni ana ruwa, na kira sau huɗu wayar ba ta shiga ba, wataƙila layin ne, can ba kullum ake samu ba. Gobe kasuwar Arikya ce. Na riga na gaya wa maigidana su nemi abincin rana.